Kada Ka Bari a Sauke Zulai Ƙasan Jirgi

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Zulai da abin da take ɗauke da shi. Allah ya tsare ku a kan ruwa, ya tsare ku a kan tudu, ya kai ku Kano da ƙafafunku.

Za ka yi mamakin in rubuto maka takarda alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka. Na gwada yi maka maganar nan da baki bayan la'asar, kai ma ka gani, na ƙare da tambayarka ko an ɗaure akwatuna. Bakina ba ya iya ɗaukarta. Na san Faransanci aka koya maka a lakwal, makarantar bokon ƙasar nan, Hausar boko tana yi maka nauyi. Ka bi ta a hankali, ko a cikin taksi ne a hanyar tashar jirgin ruwa ta Owendo, amma ka gama ta kafin ku taka jirgi.

Kana Port-Gentil wajen aikinka lokacin da abubuwa biyun nan suka faru. Ka ji su gutsure-gutsure a bakin mutane, kowa ya gyara inda ya shafe shi. Ga yadda suka kasance.

Bara, da aka karya darajar sefa, mun kwana da jarinmu mun tashi da rabinsa. Ni da na tsufa ina sayar da tumaki a garin nan, sai ga ni ina tsaye a kara, kasuwarmu ta dabbobi, ina kallon turakuna babu komai. Abincin dabba ya tashi, hayar mota ta tashi, mai saye kuma ya zo ya shafa bayan rago ya yi murmushi ya wuce. Sai wata dabara ta zo mini, na ɗauka ni kaɗai Allah ya nuna wa. Na ce idan na je arewacin Kamaru sayen ragunan layya, zan haɗa da tumaki mata masu tsohon ciki. Kai ɗaya zan biya, a mota ma gurbin ɗaya za ta ci, in ta iso Libreville ta haifa mini biyu. Uwarka ta ce, "Malam, mai ciki da tafiyar kwanaki?" Na ce mata tunkiya ba mutum ba ce.

Na cika motar fiye da yadda na saba. Ban raba maza da mata ba, domin katakon rabawa ma gurbi yake ci. Akwai manyan raguna masu ƙaho, akwai fiɗiyayyu, akwai masu cikin nan, da wasu 'yan tumaki da ba su da komai a ciki, waɗanda aka haɗa mini a ciniki. Mun ratso dajin nan lafiya har muka wuce garin Kango. Da hantsi ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, irin ruwan ƙasar nan da ka sani. Na sa aka ja tamfol aka rufe motar ruf, na bi da kaina na ɗaure kowace igiya, don kada sanyi ya kama mini dukiya.

Ba mu yi nisa ba muka iske shingen jami'an tsaro. Aka ce duk wanda ke cikin mota ya sauko da takardunsa. Aka kora mu wata rumfa can gefe, ni da direba, aka zaunar da mu a benci cikin mutane da yawa. Takarduna lafiya lau suke, amma wanda zai duba su ya tafi cin abinci. Ruwa ya ɗauke. Rana ta buɗe. Ina hango motar a tsaye a kan kwalta, tamfol yana tururi.

Na tashi na je wajen wanda ke tsaron rumfar, yaro ne da bai kai ka ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, dabbobi ne a motar can. Bar ni in kwance igiya kawai in dawo."

Ya ce, "Koma ka zauna."

Na ce, "Za su mutu."

Ya dube ni ya ce, "Su ma baƙi ne? To su jira layinsu."

Na koma na zauna. Ka ji wannan da kyau, Abba: na koma na zauna. Da farko muna jin kukansu da karon ƙaho a jikin mota. Can sai kukan ya ragu. Direba ya ce, "Sun kwanta, Alhamdu lillahi." Na ci gaba da kallon tamfol.

Sai da la'asar ta yi aka miƙo mana takardunmu. Da na yaye tamfol, zafin da ya bugi fuskata kamar na buɗe murhun gashin burodi. Masu cikin nan duk sun tafi, ko ɗaya ba ta kai ga wuƙa ba. Manyan ragunan da na fi ji da su, yawancinsu suna kwance harshe waje. Waɗanda suka ɗago kai suka dube ni su ne fiɗiyayyu da 'yan tumakin nan marasa ciki da na raina. Sun lafe a ƙasa, kowanne ya cusa hancinsa a tsagar katako. A bayan wata matacciya kuma na tsinci ɗan rago jiƙe, bai daɗe da faɗowa ba, yana motsi. Uwar ta sandare, shi yana numfashi.

Da muka iso kara, likitan dabbobi ya zo don a binne mushen. Dattijo ne ɗan ƙasa, mun daɗe da sanin juna. Bai yi mini faɗa ba. Ya zagaya ya duba, ya sa aka farke ɗaya daga cikin masu cikin, ya kira ni ya ce in leƙa. Ya nuna mini yadda ɗan ya tokare huhun uwar daga ƙasa har ya rage masa wuri. Ya ce, "Garba, wannan numfashin mutum biyu take yi da rabin ƙirji. Jikinta ya fi na sauran zafi, jininta yana gudu don ya ciyar da na ciki. In iska ta yi ƙaranci, ita ce ta farko." Na tambaye shi ragunan fa, ga ƙarfi ga ƙiba. Ya ce, "Ka haɗa su da mata a wuri ɗaya. Da suka ji ƙunci sai suka hau faɗa da hawan juna. Mai faɗa yana cinye iskarsa da ta maƙwabcinsa. Fiɗiyayye ba abin da ke tunzura shi, sai ya kwanta ya yi shiru." Game da ɗan ragon kuwa, ya ce sabon haihuwa yakan jure rashin iska fiye da babba, Allah ya yi shi haka don ya iya ratso hanyar haihuwa. Amma juriyar ba ta da tsawo.

To ga nasihata ta farko, ko da ba za ka taɓa sayar da tunkiya ba a rayuwarka. Wahala ba ta raba kanta daidai. Wuri ɗaya, zafi ɗaya, iska ɗaya, amma wani zai fito yana kaɗe riga, wani a fito da shi. Idan kana so ka san ko wuri zai yi, kada ka auna da ƙirjinka. Kai namiji ne matashi, ba ka ɗauke da kowa. Ka auna da wanda ya fi kowa nauyi a cikinku. Kuma idan talauci ya kawo maka dabarar da kake ganin kai kaɗai ka gano ta, ka tsaya ka tambayi dalilin da ya sa waɗanda suka riga ka ba su yi ta ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ban ɓata maka takarda ba. Dabba dukiya ce, tana zuwa tana tafiya.

Ka san gwaggonka Hadiza, autar ɗakinmu, wadda ta goya ka a nan Nombakélé kafin ta yi aure. Mijinta Isuhu ya tafi Maraɗi jana'izar mahaifinsa, sai aka sa wa'adin nan na cewa duk baƙon da ba shi da katin zama ya bar ƙasa, hanya ta rufe masa. Ita kuma katinta ya ƙare, kuɗin sabuntawa ya fi ƙarfinmu, ga ciki wata takwas. Ta dawo gidana. Kullum da safe motocin jami'an tsaro suna shigowa unguwa, a tare bakin lungu, a bi gida-gida.

Alhaji Tanko, mai babban kantin nan na bakin titi, wanda duk Bahaushen unguwar nan ke kai wa ƙara, yana da kwantena ta ƙarfe a bayan kantinsa inda yake ajiye shinkafa. Shi ya kawo shawarar cewa ranar da aka ji motoci, marasa kati su shiga ciki, ya sa kwaɗo ta waje, duk wanda ya gani ya ɗauka kaya ne. An yi haka an dace, har mutane suna sa masa albarka. Ba a daɗewa, motoci na wucewa yake buɗewa.

Maƙwabciyarmu Mama Odile, 'yar ƙasa, mai sayar da rogo a ƙofar gida, ta shigo ta sami uwarka ta ce, "Ku ba ni Hadiza ta zauna a ɗakina. Ba mai shiga gidana neman baƙo. In an tambaya in ce 'yata ce." Uwarka ta kawo mini maganar da murna. Ni kuwa na tsaya ina tunanin mijin Odile mai shan giya, da karensu, da abin da za a faɗa a masallaci: ƙanwar Garba, matar aure, a ɗakin waɗanda ba sa salla. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta da kwantenar ba. Na je na sami Alhaji Tanko na ce, "Alhaji, wurin nan babu taga. Yarinyar nan ciki gare ta. Ko a huda ƙarfen ta sama?"

Ya ce, "In huda, ruwa ya lalata mini shinkafa? Garba, mutum nawa suka shiga suka fito lafiya? Ko wurin nawa ne bai kai darajar ƙanwarka ba?"

Mutane suna zaune a benci suna ji. Na ce, "A'a, Alhaji, ba haka nake nufi ba. Allah ya saka da alheri."

Ni da na leƙa cikin tunkiyar nan da idona, shekara ba ta cika ba. Ba mantawa na yi ba. Kunya ce ta fi ƙarfin abin da na sani.

Ranar da abin zai faru, da sassafe aka ce motoci sun taso daga wajen Mont-Bouët. Na riƙo wa Hadiza buta da darduma na kai ta. Tana tafiya tana dafa ƙugu. A bakin kwantenar ta juyo ta ce, "Yaya, ba za a daɗe ba ko?" Na ce ba za a daɗe ba. Samari ne cike a ciki, masu turin baro da masu gyaran takalmi da 'yan tireda, sai wata tsohuwa 'yar Nijar mai sayar da fura, Iya Mariyama. Aka ce mata su wuce can ƙurya, kan buhuna, don kada su cakuɗa da maza. Na ji an faɗi haka, na ga daidai ne. Alhaji ya datse kwaɗo ya jefa makulli a aljihu. Ni ina da kati, sai na wuce kara.

Abin da ban sani ba, Alhaji ya fita bakin titi don ya ga inda motocin suka nufa, katinsa kuwa yana cikin wata rigar a gida. Aka ɗaga shi aka jefa a mota, da makullin a aljihunsa. Yaran kantinsa suka watse. Babu wanda ya tuna da bayan kanti.

Azahar ta gota uwarka ta iso kara ba mayafin kirki, ba takalmi ɗaya. Ta ce, "Malam, ba a buɗe ba." Ban san yadda na iso unguwa ba. Na tarar Mama Odile ta riga ni. Ita ce ta ji ƙwanƙwasa siririya daga bayan kanti, ta je ta kira ɗan 'yar'uwarta mai walda, yana yanka kwaɗon da zarto. Mutanenmu kuwa suna tsaye nesa-nesa suna leƙe, wani har yana cewa a jira Alhaji, kada a ɓata masa ƙofa.

Da ƙofar ta buɗe, samarin suka zubo waje kamar an kwance buhu. Duk a bakin ƙofa suke, kan wani a kan wani, inda 'yar iska ke shigowa ta tsagar ƙasa. Wasu suka yi amai, wasu suka suma aka zuba musu ruwa suka farfaɗo. Iya Mariyama ta fito da rarrafe. Tsohuwa ce tukuf, amma ta fito. Hadiza tana can ƙurya a jingine da buhu, leɓɓanta sun yi baƙi, awarwaronta a hannu, da shi take buga ƙarfen.

Mun sa ta a taksi tana numfashi sama-sama, kanta a cinyar uwarka. Kafin mu kai asibiti ta cika. Likita ya yi sauri ya shiga da ita don ya ciro ɗan. Ya fito ya ce namiji ne, zuciyarsa ta ci gaba da bugawa bayan ta uwar ta tsaya, amma mun makara.

Bayan kwana uku Iya Mariyama ta zo gaisuwa, ta ce sai ta gan ni ni kaɗai. Ta ce tun hantsi Hadiza ta fara cewa ƙirjinta ya toshe. Ta roƙa a matsa mata ta zo bakin ƙofa. Wani ya ce, "Ina za ki ratsa cikin maza da wannan cikin? Kowa ma zafin yake ji." Da ta fara buga ƙarfe, wani ya daka mata tsawa: "Ke, ki yi mana shiru! So kike ki tona mana asiri?" Har ya rarrafo ya riƙe mata hannu. Sai da su ma suka galabaita, ba mai ƙarfin hana ta, sannan ta ci gaba da bugawa. Iya ta gaya mini sunansa. Ba zan rubuta maka ba. Ya zo zaman makoki ya ci shinkafar sadaka, ya ce mini Allah ya ba da haƙuri, na ce amin. Har yau sahu ɗaya muke tsayawa da shi. Alhaji Tanko kuwa an sako shi da yammacin ranar da abin ya faru, ya zo ya yi kuka, ya ce kwana ne ya ƙare. Na san kwana ya ƙare. Ban taɓa musun ƙaddara ba. Amma kowa a unguwar nan ya sami wurin ɓuya a bayan wannan kalmar, har da ni, kuma ba wanda ya je ya ce wa Mama Odile ta gode sai uwarka.

Yanzu ka saurare ni, domin gobe kai ne a inda na tsaya.

Zulai cikinta ya shiga wata na bakwai. Katinta bai fito ba, kuma ka yi daidai da ka ce ba za ka tura ta ita kaɗai ba, ko da yake kai a nan aka haife ka, ba wanda ya kore ka. Na ga jiragen da ke kwasar mutane daga Owendo. Ana loda su har sai ba wurin sa ƙafa. Waɗanda suka raka 'yan'uwansu sun ce da an shiga ake cewa mata da yara su sauka ƙasa, inda ake zuba kaya, wai don rana da ruwa da mutunci, maza su zauna a sama. Wanda zai faɗi haka ba mugu ba ne. Wataƙila dattijo ne mai furfura da carbi, wataƙila ma wanda ka sani ne, abokina. Zai ce maka, "Yaro, matarka ta fi sauran mata ne?"

Ka ce masa ba ta sauka. Ka faɗa da ladabi sau ɗaya. In ya sake, ka faɗa ba ladabi. A zage ka, a ce ɗan Garba ba shi da tarbiyya, a ce lakwal ta lalata ka. Na yafe maka wannan rashin kunyar tun daga yau, kuma ni na sa ka. Ka sama mata wuri a sama ta gefen da iska ke bugowa, nesa da hayaƙin inji. In ruwa ya sauko ku jiƙe. Jiƙewa ba ta kisa da wuri. In an ja tamfol an rufe ku, ka ɗage gefenku, ko ka tsaga shi da wuƙa ka biya daga baya. Kada ta kwanta rigingine, ta kishingiɗa ta gefe ko ta jingina da kai. Ka riƙa ba ta ruwa ko ba ta tambaya ba. Kuma Zulai yarinya ce mai kawaici, ba za ta ce maka ta gaji ba. Ka dubi leɓɓanta da yadda kafaɗarta ke ɗagawa. In ta yi shiru da yawa, kada ka ce ta samu barci, ka tashe ta ka ji muryarta.

Daga Legas zuwa Kano ma haka. Kada ku shiga bayan motar da ake kulle ƙofarta ta waje, komai arhar ta. Duk wurin da makullinsa ke aljihun mutum ɗaya, kada ka sa iyalinka a ciki, ko da mutumin nan waliyyi ne. Kuma in wani ya miƙo maka hannu a hanya, kada ka tsaya tambayar inda yake fuskanta in zai yi addu'a. Ka karɓa.

In ka ga wata mai ciki ko mai jego da ba ta da kowa ana tura ta ƙasa, ita ma ka yi magana. Ba za a so ka ba. Ni an so ni a unguwar nan shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa jin na ɗaga murya, ga abin da na samu.

Ni da uwarka muna nan. Na tsufa da sake sabon gari, kuma ba na son Isuhu ya dawo wata rana ya rasa wanda zai nuna masa kabarin. Ka gaida mutanen gida. In sun tambaye ka labarin Gabon, ka ce muna lafiya.

Gobe zan raka ku har ƙofar tashar jirgi, daga nan ba sa barin mai rakiya ya wuce. Zan tsaya a bakin shingen waya inda ake hango jirgin. Ka ce wa Zulai ta yafa mayafinta ruwan ɗorawa, ka tsayar da ita a jikin ƙarfen sama inda zan gan ta. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, domin sunan mahaifina ne, bakina bai taɓa iyawa ba. In jirgi ya ɗaga ban ga mayafin nan ba, wallahi zan kira shi da ƙarfi a gaban duk mutanen Owendo, kuma za ka ji ni.

Allah ya kiyaye hanya. Allah ya ba ku iska mai daɗi da ruwa mai kwanciya. Allah ya sauki Zulai lafiya, ya raya abin da za ta haifa, ya ji ƙan Hadiza da ɗanta. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Garba mai tumaki
Nombakélé, Libreville